Daga Randa Zuwa Ƙarfen Sabis: Tarihin Yaƙi da Zafi a Ƙasar Birnin Gwari

Duk wanda ya taɓa bin hanyar da ta tashi daga Kaduna, ta ratsa Buruku da Udawa har zuwa Birnin Gwari, tafiyar kimanin kilomita 120, ya san dogayen ƙarafan nan masu fentin ja da fari da muke kira ƙarfen sabis. Galibi ido can sama yake tafiya, wurin faya-fayen da ke maƙale a ƙololuwa, ba kasafai ake duban gindin ƙarfen ba, inda aka kewaye fili da katanga ko waya, aka girke wani ɗan ɗaki mai kama da kwantena, ga janareto yana ta ruri a gefe dare da rana. To, a wannan maƙala ina so ne in ja mai karatu mu leƙa tarihin wannan ɗan ɗaki, domin kuwa a ganina babban ɓangare na matsalar sabis a ƙasar Birnin Gwari a cikinsa yake kwance. Sabis yana buƙatar sanyi, sanyi yana buƙatar man dizal, shi kuwa man dizal sai da hanya yake isowa. Hanya kuma mun san abin da ta gani a wannan daji.

Zafi, babban abokin gabar na'ura

Kowace na'ura mai aiki da lantarki tana fitar da zafi, tun daga kan rediyo har zuwa kwamfuta. Mai karatu ya san yadda wayarsa take yin ɗumi in ya daɗe yana magana, ko yadda take ƙin cajin kirki in an bar ta a rana. Dalili shi ne, wutar da ta shiga na'ura kusan dukkanta zafi take komawa a ƙarshe, in kuwa zafin bai sami mafita ba sai ya taru ya gasa kayan ciki. Batir ya fi kowa shan wahala. Irin baturan nan masu darma da ruwan asid, waɗanda aka daɗe ana jerawa a gindin ƙarfen sabis, an ƙera su ne don su zauna a ma'aunin zafi na digiri 25, kuma masana sun tabbatar da cewa duk ƙarin kusan digiri 10 a kan haka yakan raba tsawon ransu gida biyu. A ƙasar Birnin Gwari kuwa, cikin watannin Maris da Afrilu zafin inuwa ma yakan haura digiri 35, wani lokaci ya doshi 40, balle cikin akwatin ƙarfe da rana ta buga tun hantsi.

Bayan zafi akwai ƙurar hunturu mai shiga ko'ina, akwai ruwan damina da tsawa, akwai ɓera da ƙadangare, ga kuma zanzaro da ba ya ganin ƙofa ya ƙyale. In ka toshe akwatin ruf don ƙura da ruwa, ka kulle zafi a ciki. In ka buɗe don iska ta shiga, ka gayyato ƙura. Wannan tsaka mai wuya ita ce ta sha kan masu ƙirƙira fiye da shekara 150, kuma da yawansu sun yi wa dabarunsu rajista.

Mece ce takardar mallakar ƙirƙira?

Kafin mu ci gaba ya kamata in yi bayanin wannan rajista. Takardar mallakar ƙirƙira wata yarjejeniya ce tsakanin hukuma da wanda ya ƙago sabon abu. Shi zai rubuta yadda abin yake aiki dalla-dalla, har da zane, ya miƙa a ajiye inda kowa zai iya karantawa. Ita kuma hukuma ta hana kowa ƙera abin ko sayar da shi ba da izininsa ba, na wasu shekaru. In wa'adin ya cika, abin ya zama na kowa da kowa. Birnin Banis na ƙasar Italiya ya kafa irin wannan doka tun 1474, Ingila ta yi tata a 1624. A Nijeriya kuwa, tun zamanin Turawa har zuwa 1970, abin da aka riga aka yi wa rajista a Ingila shi ake kawowa a sake rubutawa a nan. Sai a 1970 ne muka sami dokarmu ta kanmu, wadda ta ba mai ƙirƙira wa'adin shekara 20. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan magana ta wa'adi, za mu dawo kanta.

Waɗanda suka yi wa sanyi hidima

Zan fara da akwatin da duk wanda ya yi darasin labarin ƙasa a sakandare ya gani, ko a littafi ko a filin makaranta: farin akwatin katako mai tsaga-tsaga a jiki, tsaye a kan dogayen ƙafafu, wanda ake ajiye ma'aunin zafi a ciki. Wani injiniya ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Thomas Stevenson, wanda sana'arsa gina hasumiyar fitilar jiragen ruwa ce, shi ya tsara shi a 1864. Damuwarsa ita ce, in rana ta taɓa ma'auni kai tsaye, to zafin rana zai auna maimakon zafin iska. Sai ya haɗa abu uku: farin fenti mai mayar da hasken rana, tsagogi masu karkata waɗanda iska ke ratsawa amma ruwa ba ya shiga, da kuma ɗaga akwatin daga ƙasa. Har yau tashoshin auna yanayi a filayen jirgin sama da cibiyoyin binciken noma suna amfani da wannan tsari, ba fanka ba wuta.

Na biyu shi ne Willis Carrier na Amurka. A 1902 wani kamfanin ɗab'i a unguwar Buruklin ta birnin Niyok ya rasa yadda zai yi da laima, domin takarda takan kumbura ta motse, launuka su ƙi hawa kan juna daidai. Carrier, yana saurayi ɗan shekara 25, ya tsara na'urar da ke rage laimar iska tana kuma sanyaya ta. A ranar 2 ga Janairu 1906 aka ba shi takardar mallaka mai lamba 808,897. Abin lura a nan shi ne, na'urar sanyaya ɗaki da muke jin daɗinta a yau saboda takarda da injin buga littafi aka fara yin ta, ɗan Adam daga baya ya ci arziki.

Da kwamfuta ta zo sai matsalar ta ƙaru. Kwamfutar ENIAC da aka bayyana wa duniya a 1946 a Jami'ar Fensilbaniya tana da ƙwayayen lantarki na gilashi kusan 18,000, nauyinta ya kai tan 30, tana shan wuta kimanin kilowat 150, don haka sai da aka yi mata manyan fankoki masu zuƙe zafi. Taransista da aka ƙirƙiro a 1947 ta rage girman na'urori ƙwarai, sai dai da aka riƙa cusa dubbai, daga baya miliyoyi, a ɗan guntun wuri, zafin ya dawo ta bayan gida. Har ta kai a 1985 injiniya Seymour Cray ya tsoma kayan cikin kwamfutarsa Cray-2 gaba ɗaya a cikin wani ruwa na musamman da ba ya ɗaukar lantarki.

Amma ƙirƙirar da ta fi burge ni ita ce bututun kwashe zafi. Wani ma'aikacin kamfanin General Motors mai suna Gaugler ya sami takardar mallakarsa a 1944, abin bai je ko'ina ba. Sai a 1963 George Grover, a cibiyar bincike ta Los Alamos, ya sake gano dabarar, ya sami tasa takardar a 1966, daga nan aka fara sa shi a taurarin ɗan Adam. Ga yadda yake: siririn bututu ne, yawanci na jan ƙarfe, an zuƙe iskar ciki, an ɗiga ɗan ruwa, an shimfiɗa wani abu mai kama da lagwani a bangonsa, an liƙe bakin duka biyu. Gefen da ke jikin abu mai zafi sai ruwan ya zama tururi, ya kwashi zafin ya ruga ɗaya gefen mai sanyi, can ya koma ruwa, lagwanin ya jawo shi ya dawo da shi. Haka zai yi ta zagaye ba inji ba mai. In ka buɗe kwamfutar tafi-da-gidanka za ka tarar da shi kwance a kan ƙwaƙwalwarta.

Randar kakanninmu

Duk Bahaushen da ya ji wannan bayani zai tuna da randa. Ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska ta busar da shi, busarwar nan kuwa tana tafiya da zafi, sai na ciki ya yi sanyi. Asalin hikimar ɗaya ce da ta bututun Grover, wato ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi daga abin da yake jingine da shi. Gwarawa, waɗanda garin Birnin Gwari ke ɗauke da sunansu, sun shahara da ginin tukwane tun fil azal, kuma daga cikinsu ne aka sami Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20. Rumbun da manomanmu ke ginawa shi ma darasi ne: an ɗaga shi kan duwatsu saboda laima da gara, bangon ƙasa yana tare zafi, jinka tana ba da inuwa. Abin da Stevenson ya yi wa ma'auninsa ke nan, mu kuma muka yi wa dawa da gero.

A shekarun 1990 wani malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, Malam Muhammad Bah Abba, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, ya ɗauki wannan tsohuwar hikima ya sabunta ta. Ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yalon da kan lalace cikin kwana 3 sai ya riƙa kaiwa kwana 27. A 2000 ya sami lambar yabo ta Rolex da kyautar dala 75,000, a 2001 kuma mujallar Time ta sa aikinsa cikin fitattun ƙirƙire-ƙirƙiren shekara. Gaskiya ne ba za a ɗauki na'urar sadarwa a jefa cikin jiƙaƙƙen yashi ba, domin laima maƙiyiyar lantarki ce, kuma randa kanta ba ta yin sanyin kirki da damina sa'ad da iska ta cika da danshi. Abin da aikin malamin ya nuna shi ne, mai neman sanyi a ƙasarmu yana da abin da zai tsaya a kai tun kafin ya tayar da inji.

Zuwan wayar salula

Kafin 2001, layukan tarho masu aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, mafi yawansu kuma a manyan birane, a hannun kamfanin NITEL da aka kafa a 1985. A Janairun 2001, zamanin Shugaba Obasanjo, hukumar sadarwa ta ƙasa NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula, kowane a kan dala miliyan 285. Econet da MTN suka fara aiki a Agustan shekarar, Glo ya biyo baya a 2003. Sannu a hankali ƙarafa suka fita daga birane suka bi manyan hanyoyi, har suka iso garuruwa irin su Birnin Gwari.

Na'urorin wancan zamani an ƙera su ne da tunanin za su zauna cikin ɗaki mai sanyi, a ƙasashen da wuta ba ta ɗaukewa. Da aka kawo su nan sai aka kawo har da ɗakin: kwantena mai rufi biyu, na'urar sanyaya ɗaki guda biyu suna karɓa-karɓa, batura a jere, sannan janareto, shi ma sau da yawa guda biyu. Tun da wutar NEPA ba abar dogaro ba ce ko a birni, balle a ƙauye, sai ya zamana kowane ƙarfen sabis ƙaramar tashar wuta ce mai zaman kanta, kuma kaso mai tsoka na man da yake sha sanyi kawai yake saye. Nauyin ya yi yawa har kamfanonin waya suka fara sauke shi. A 2014 MTN ya ƙulla cinikin miƙa ƙarafansa sama da 9,000 ga wani kamfani da IHS ke gudanarwa, Airtel kuma ya sayar da kimanin 4,800 ga kamfanin American Tower. Daga nan kula da janareto da sanyi ya zama sana'a mai cin gashin kanta.

Daji da hanya

Yanzu bari mu dawo gida. Dajin Birnin Gwari tun 1936 hukumar En'e ta keɓe wani sashe nasa a matsayin gandun daji, a 1999 kuma aka ɗaga shi ya zama Gandun Dajin Ƙasa na Kamuku, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 1,120, wanda ke maƙwabtaka da dajin Kuyambana na Jihar Zamfara. Wannan daji da a da ake alfahari da shi saboda namun dawa, shi ne ya koma maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane. A Mayun 2018 an kashe fiye da mutum 40 a ƙauyen Gwaska a rana guda, Allah Ya jiƙansu. Mai Martaba Sarkin Birnin Gwari, Malam Zubairu Jibril Mai Gwari II, ya sha fitowa yana kokawa a kan halin da talakawansa ke ciki.

To, mai karatu ya auna da kansa. Ƙarfen da ke Randagi ko Kuyello ko Dogon Dawa, in dai irin na da ne, dole mota ta kai masa mai a kai a kai, dole makaniki ya je ya sauya baƙin mai da matata, dole wani ya je ya wanke ƙurar da ta toshe na'urar sanyi. Duk ranar da direba ya ji tsoron hanya, tanki zai ƙafe, sanyi ya tsaya, batura su ɗauki zafi, na'ura ta kashe kanta don kada ta ƙone. Daga nan sai gari ya shiga duhu: mai haƙuri ba ya iya kiran mota, mai POS ya rufe, wanda ya hango baƙin fuska a bakin daji ba shi da hanyar sanar da kowa. Kamfanonin sadarwa kuma sun daɗe suna kuka da satar batura da man dizal a sassan ƙasar nan, ga tsadar man da ta tashi daga ƙasa da naira 300 kowace lita a farkon 2022 zuwa sama da 800 a ƙarshen shekarar.

A ƙarshen Satumban 2021 mutanen yankin sun ɗanɗana rashin sabis na gangan, sa'ad da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta sa aka katse layukan waya a wasu sassan jihar, ciki har da Birnin Gwari, bayan Zamfara ta yi haka a farkon watan. An haɗa da hana hawa babur da hana sayar da fetur a jarka. Sai a ƙarshen Nuwamba aka maido da layukan. Ko mutum yana goyon bayan matakin ko ba ya yi, watanni biyun nan sun nuna wa kowa cewa waya ta riga ta shiga cikin jinin ciniki da zumunci da neman agaji. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari bayan sulhun da aka ƙulla, ya sake buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe. Muna roƙon Allah Ya zaunar da ƙasar lafiya.

Akwatin ya sauya kama

Tun daga tsakiyar shekarun 2000 masu ƙera kayan sadarwa suka fara rage dogaro da ɗaki mai sanyi. Sashen na'urar da ya fi fitar da zafi sai aka ciro shi daga ɗaki aka ɗaure shi can sama kusa da faya-fayen, cikin rufaffen akwatin alminiyom mai haƙarƙari a jiki, irin wanda ke jikin injin babur, iskar Allah tana kwashe zafin. Sauran kayan aka sa su a ƙaramin akwati na waje mai jure zafi har digiri 50 ko fiye. Wasu akwatunan suna da bango biyu da iska ke bi ta tsakani, wasu suna da na'urar musayar zafi, inda iskar ciki da ta waje ke wucewa kusa da juna ba tare da sun gauraya ba, don haka zafi ya fita ƙura ba ta shiga ba. In ma za a sanyaya wani abu, to ɗan sashen batura kawai. Batirin lithiyam ya zo ya fi na darma juriya, faifan sola kuma ya rage wa janareto aiki. Akwai ma ma'aunin duniya da aka fitar tun 1976 na gane ƙarfin akwati, wanda mai karatu kan gani a kwalin waya, kamar IP65 ko IP68: lambar farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa.

A birni wannan ci gaba maganar rage kashe kuɗi ce. A ƙasar Birnin Gwari kuwa ya wuce haka, domin duk litar da ƙarfe bai sha ba, tafiya ɗaya ce da direba bai yi a bakin ransa ba, kuma kwanaki ne da ƙauye zai ƙara yana jin muryar duniya.

Kaza a kan dami

Na ce za mu dawo kan maganar wa'adi. Takardar Carrier ta daɗe da mutuwa, haka ta Gaugler da ta Grover, haka dubban takardun da aka rubuta a kan fankoki da haƙarƙarin alminiyom da akwatunan waje fiye da shekara 20 da suka wuce. Dukkansu suna nan a intanet da zanensu, kyauta, halal ga duk mai son ƙerawa. Bugu da ƙari, takardar mallaka a ƙasar da aka yi mata rajista take da ƙarfi. Hausawa na cewa rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami. Muna da maƙera a kasuwar Panteka ta Kaduna waɗanda ba abin da ba sa lanƙwasawa, muna da ɗalibai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa. Ga aiki nan a gabansu: akwatin batir da inbata na asibitin ƙauye wanda ba zai gasa batir cikin shekara guda ba, akwatin ma'aunin ruwan sama na manoma, matatar iska da ƙurar hunturu ba za ta toshe cikin mako biyu ba, ragar da za ta hana zanzaro gini. Wanda ya zauna a Turai bai san zanzaro ba, mu muka san shi. Wanda kuma Allah Ya ba shi sabuwar dabara a cikinmu, to ya garzaya ofishin rajista da ke Abuja ya rubuta ta da sunansa kafin ya nuna wa duniya, domin doka sabon abu take karewa, abin da aka riga aka baza ya fita daga hannu.

Ina kira ga malamanmu na fannin injiniya da su riƙa sa ɗalibai karanta waɗannan tsofaffin takardu kamar yadda ake karanta littafin aji, su kuma riƙa kai su Panteka da ƙauyukan Birnin Gwari su ga inda kayan za su zauna. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a wannan daji, Ya kare matafiya, Ya sa mu dace. Wassalam.